Daga Ƙwaryar Kindirmo Zuwa Kwalbar Kafso: Tarihin Ƙwayoyin Hanji da Tsatsar Jiki

Idan ka tsaya a bakin Ƙofar Guga da hantsi, mai karatu, za ka ga kaya iri biyu suna shiga birnin Katsina, kowanne da masu jiransa. Na farko a ka ake ɗauko shi, ko a bayan babur: ƙwaryar nono rufe da faifai, da ludayi da curin fura a gefe. Na biyu a cikin kwali yake zuwa, ya sauka a shagon kemis ko a hannun mai talla ta waya: 'yar kwalba mai kafso, an rubuta a jikinta cewa akwai biliyoyin ƙwayoyin halitta masu rai a ciki, suna gyara hanji, suna wanke jini, suna hana tsufa. Sunan na cikin kwalbar furobayotik, abokin tafiyarsa kuwa firibayotik, kuma kusan kullum za ka ga kalmar antioksidan a kusa da su.

Wata baiwar Allah daga wannan unguwa ta aiko mini da tambaya. Ɗanta yana da sikila, maigidanta yana da ciwon suga, an kuma yi mata tallar irin wannan kwalba a kan kuɗin da zai sayi tiyoyin gero da dama. An ce mata tana kashe wata guba da ke cin jini. Tana so ta sani, ta saya ko ta bari? Amsar da ta dace da ita ba ta samuwa sai an bi tarihin abubuwa biyu da suka taso daban-daban, aka ɗaura musu aure a baya-bayan nan: labarin ƙwayoyin da ke cikin nono mai tsami, da labarin ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa jiki.

Mu fara da gida. Tun kafin a san akwai wata halitta da ido ba ya gani, matan Fulani da na Hausa sun iya kiwonta. Mai yin kindirmo takan tafasa madara, ta bar ta ta huce, ta zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe ta ajiye. Kashegari madara ta kama. Abin da ya faru cikin dare shi ne, ƙwayoyin da ke cikin ragowar nan sun hayayyafa, sun cinye wani kaso na sukarin madara, sun mayar da shi tsami, tsamin kuma ya hana yawancin ƙwayoyin ruɓa sakewa. A ƙasar da zafin Afrilu ke wuce maki 40, babu firji, babu ƙanƙara, wannan dabara ita ce ta sa nonon ruga yake isa kasuwa bai lalace ba. Haka ƙullun koko da ake bari ya kwana, haka kuma daddawa: a dafa kalwa ta daɗe a wuta, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a lulluɓe ta kwana biyu ko uku har warin nan da kowa ya sani ya tashi. Ƙwayar da ke wannan aiki ana kiranta Bacillus subtilis, ita ce dai mutanen Japan ke amfani da ita wajen ruɓar da waken suya.

Baƙin da suka ratsa ƙasar nan sun lura da wannan. Hugh Clapperton, wanda ya biyo ta Katsina a 1824 a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya bayyana yadda ake sarrafa 'ya'yan ɗorawa, kuma a ratayen littafin tafiyar tasu ne masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin itacen suna Parkia a 1826. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Katsina a 1851 da kuma 1853, ya ambaci fura da daddawa a cikin labarin tafiyarsa. Su duka biyun abinci suka gani. Babu wanda ya san cewa masu rai ne ke yin aikin, har sai a 1857 da Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa tsamin madara aikin wasu ƙananan halittu ne.

Mutumin da ya mayar da nono mai tsami magani shi ne Élie Metchnikoff, haifaffen daular Rasha da ya koma aiki a Cibiyar Pasteur da ke Faris a 1888. Masani ne na gaske. A 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin wata 'yar halittar teku mai garai-garai, ya ga wasu ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Daga nan ya gano cewa fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye ƙwayoyin cuta, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1908. Amma da girma ya fara kama shi, sai tunanin tsufa ya dame shi. Ya ɗauka cewa babban hanji matattarar ruɓa ce, ƙwayoyin da ke cikinsa suna fitar da guba a hankali, gubar tana tsufar da mutum. A 1905 wani ɗalibi ɗan Balgeriya, Stamen Grigorov, ya ware ƙwayar da ke cikin nonon ƙasarsu a birnin Janiba. Metchnikoff ya ji ana cewa manoman Balgeriya suna daɗewa a duniya, sai ya haɗa zancen biyu: nono mai tsami ne ke danne ruɓar hanji. Ya rubuta haka a littafinsa na 1907, ya riƙa shan nonon kullum, Turai ta ɗauka, kantunan magani suka cika da ƙwayoyin nono. Ya rasu a 1916 yana da shekara 71, da ciwon zuciya.

Ka lura da yadda abin ya gudana, domin za ka sake ganin irinsa. Masani mai daraja ya yi hasashe mai daɗin ji, bai gwada shi a kan mutane ba, kasuwa ta riga gwaji isa. Wannan tunani na gubar hanji ya yi nisan da wani babban likitan fiɗa na Landan, Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa marasa lafiya babban hanji don raba su da ita. An daina wannan tuntuni, amma zancen "wankin ciki" da "fitar da dattin hanji" da kake ji daga lasifikar masu magani a kasuwa ɗan'uwan wancan tunani ne.

Bayan Metchnikoff harkar ta ci gaba. Tun 1899 Henry Tissier ya gano Bifidobacterium a kashin jarirai masu shan nonon uwa. A 1919 Isaac Carasso ya fara sayar da yogot a kantunan magani na Basalona da sunan Danone, a 1935 aka fara sayar da Yakult a Japan da ƙwayar da Minoru Shirota ya rena. Sai a 2001 ne masanan da Hukumar Abinci ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka tara a Ajantina suka tsayar da ma'anar furobayotik: ƙwayoyi masu rai, waɗanda in an sha su da yawan da ya isa suna amfanar lafiya. Sharuɗɗa uku ke nan, rai da yawa da amfanin da aka tabbatar, kuma ka riƙe su. Firibayotik kuwa Glenn Gibson da Marcel Roberfroid ne suka fito da kalmar a 1995. Shi ba mai rai ba ne. Abinci ne da cikinka ba ya iya narkarwa, ya wuce har babban hanji, ya zama kalaci ga ƙwayoyin kirki da ke zaune a can.

Yanzu ga labari na biyu. Ka ɓara farin goro ka ajiye, jim kaɗan za ka ga ya yi ja. Ka bar fartanya a waje da damina, za ta yi tsatsa. Ka manta da man gyaɗa a buɗe, zai sake wari. Duk aikin oksijin ne, iskar da in an rasa ta na 'yan mintoci rai ya tafi. A cikin kowace ƙwayar jikinka akwai wasu ƙananan murahu da ke ƙona abinci da oksijin su ba ka ƙarfi, kuma babu murhun da ba ya tartsatsi. Tartsatsin nan yakan faɗa kan kitsen da ya kewaye ƙwaya, ko kan furotin, ko kan kundin gado, ya yi ɓarna. A 1954 Rebeca Gerschman, 'yar Ajantina, ta nuna cewa gubar oksijin da ƙunar hasken hoton ƙashi hanyarsu ɗaya. A 1956 Denham Harman na Amurka ya ce ai wannan tartsatsi shi ne musabbabin tsufa. Mutane da yawa ba su yarda ba, har sai a 1969 da Joe McCord da Irwin Fridovich suka fitar da wani sinadari daga jinin shanu wanda ba shi da aiki sai kashe tartsatsin. In jiki ya tanadi mai kashe wuta, lalle akwai wuta. A 1985 Helmut Sies na Jamus ya raɗa wa yanayin suna, wato lokacin da tartsatsi ya rinjayi masu kashe shi. A wannan rubutu zan kira shi tsatsar jiki.

Kada ka ɗauka zancen 'yan talla ne kawai. Tsatsar jiki gaskiya ce, kuma gidajenmu sun san ta ko da ba su san sunanta ba. Akwai yara da yawa a Nijeriya, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ke kare jan jini daga tartsatsi. Irin wannan jariri, kafur ɗin da aka sa a akwatin kayansa, ko lallen da aka shafa masa, na iya farfasa masa jini ya kamu da shawara mai tsanani. A sikila ma haka: jan jinin mai sikila yana fitar da tartsatsi fiye da na sauran mutane, in ya fashe kuma abin da ke cikinsa yana ƙara hura wutar a hanyoyin jini. Sukarin da ya yi yawa a jini, hayaƙin taba, hayaƙin itace a madafa marar taga, zazzaɓin cizon sauro, duk suna ƙara ta.

Sai dai tartsatsin nan ba maƙiyi ba ne zalla. A 1973 Bernard Babior ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini, waɗannan dai da Metchnikoff ya gano, da gangan suke ƙera tartsatsi su ƙone ƙwayar cutar da suka haɗiye. Yaron da aka haifa jikinsa ba ya iya ƙera shi, ƙuraje da ciwon huhu ba sa barinsa. Motsa jiki ma yana tayar da tartsatsi, wannan ne kuma yake sa jiki ya ƙara ƙarfin garkuwarsa. Abin da ake nema daidaito ne.

Duniya ta koyi wannan da tsada. A shekarun 1980 an yi imani cewa ƙwayar bitamin mai kashe tartsatsi za ta hana sankara. A Finlan aka ɗauki maza 29,133 masu shan taba, aka bai wa wasu sinadarin da ke sa karas ja, aka bai wa wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a wajen waɗanda suka sha sinadarin. Wani gwaji makamancinsa a Amurka, dole aka tsayar da shi a 1996, domin ƙarin ya kai kashi 28. Karas bai cuci kowa ba. Abin da aka tsamo daga cikinsa aka dunƙule da yawa shi ya yi cutar.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na tamowa mai kumburi, wadda iyayen da suka taɓa kwana a cibiyar kula da yara masu tamowa ta Ƙofar Sauri suka san kamanninta: ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule. A 1987 Michael Golden, da ke aiki a Jamaika, ya kawo hujja mai ƙarfi cewa tsatsar jiki ce ke haddasa ta, domin irin waɗannan yara sinadarin gulutatayon, babban mai kashe tartsatsi a jiki, ya yi ƙasa ƙwarai a jininsu. Hankali ya ɗauka. Sai aka gwada a Malawi: yara 2,372, rabi aka ba su garin antioksidan kullum har mako 20. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna bai hana cutar ba, waɗanda suka kamu ma sun ɗan fi yawa a cikin masu shan garin. Shekara takwas bayan haka, a 2013, wani bincike a kan tagwayen Malawi ya juya akalar zancen. An ɗebi ƙwayoyin hanjin tagwai mai kumburi da na ɗan'uwansa mai lafiya, aka dasa wa ɓerayen da ba su da ƙwaya ko ɗaya a cikinsu, aka ciyar da su abincin ƙauyen Malawi. Waɗanda suka karɓi na mai ciwo suka rame. A nan ne labaranmu biyu suka gamu da gaske.

Ga yadda suke haɗuwa. A babban hanjin baligi akwai ƙwayoyi wajen tiriliyan 38, kusan daidai da yawan ƙwayoyin jikinsa. Mafi yawansu ba sa jure oksijin, yana kashe su. Suna cin dusa da zaren ganye da na wake, su fitar da wasu sinadarai masu ɗan tsami, mafi shahara shi ne butiret. Bangon hanji da butiret yake rayuwa, kuma wajen ƙona shi yana shanye oksijin ɗin da ke wurin, sai cikin hanji ya zauna babu iska, yadda ƙwayoyin kirki ke so. Kowa yana riƙe da kowa. In aka kashe masu yin butiret, bangon ya yi yunwa, oksijin ya kwararo, miyagun ƙwayoyi irin su Salmonella su samu fili. Bangon da ya yi rauni kuma yakan bar ɓurɓushin ƙwayoyi su tsallaka cikin jini, fararen ƙwayoyin jini su tashi da wutarsu, kumburi da tsatsa su ƙaru. Wannan ya sa nake jin ciwon al'adar nan ta sayen Flagyl ko kafso a kemis duk lokacin da ciki ya murɗa. Flagyl ƙwayoyin da ba sa son iska yake kashewa, cikinsu kuwa har da masu yin butiret. Yana da ranarsa in likita ya rubuta, amma gidan da ke shan sa kamar gyaɗa sannan ya sayi kwalbar gyaran hanji, da hannu ɗaya yake gini, da ɗayan yana rushewa.

Ban da wannan, wasu ƙwayoyin nono suna da nasu makaman. Tun 1981 Fridovich da abokin aikinsa suka gano cewa Lactobacillus plantarum tana tara sinadarin manganis a cikinta don kashe tartsatsi. A Jami'ar Tartu ta Estoniya, Marika Mikelsaar da abokan aikinta sun ware wata ƙwaya mai laƙabin ME-3 daga hanjin yaro mai lafiya a 1995, suka nuna tana iya ƙera gulutatayon, har aka sa ta a cikin kayan nonon da ake sayarwa a ƙasar.

To, me ya faru da aka gwada a jikin mutane? An yi gwaje-gwaje da dama a kan masu ciwon suga, da masu juna biyu, da masu ciwon ƙoda. In aka tattara su, abin da ake gani shi ne wani sinadari mai suna MDA, wanda ke nuna kitsen da tartsatsi ya ƙona, yana ɗan sauka a jini, gulutatayon kuma yana ɗan hawa. A kan wannan ne aka gina rubutun da ke jikin kwalba. Amma ka dubi girman ginin da girman tubalin. Yawancin gwaje-gwajen mutane 'yan gomomi ne, na mako shida zuwa sha biyu, kowanne da irin ƙwayarsa da yawanta. Abin da suka auna lamba ce a takardar gwajin jini. Ba su bi mutanen ba su ga ko an samu raguwar shanyewar ɓarin jiki, ko makanta, ko wankin ƙoda, alhali waɗannan su ne abin da iyali ke tsoro. Ƙari a kan haka, kaso mai yawa na waɗannan gwaje-gwaje daga gungun masu bincike ɗaya ya fito, a birnin Kashan na Iran, kuma bayan wasu masana sun bi alƙalumansu sun ga abubuwan da ba sa haɗuwa, mujallu sun janye da dama daga cikin takardun, suka sa wa wasu alamar shakka. Darasin Finlan da na Malawi yana nan: lamba na iya gyaruwa mai ciwo bai samu sauƙi ba.

Ga mai sikila akwai wani gwaji da ya cancanci a ambata, domin kayan aikinsa a dajinmu yake. Ƙaro, wanda ake samu a jikin ɗakwara, firibayotik ne na asali: ciki ba ya narkar da shi, ƙwayoyin hanji ke mayar da shi butiret. A Kartum, Lamis Kaddam da abokan aikinta sun bai wa masu sikila 47 giram 30 na ƙaro kullum har mako 12, suka ga alamun tsatsa sun sauka, irin jinin da jariri ke zuwa da shi, wanda ba ya lanƙwashewa, ya ɗan ƙaru. Abin sha'awa ne, ina kuma fatan a faɗaɗa shi. Sai dai babu rukunin da aka kwatanta su da shi, don haka mafari ne. Ka gwama shi da maganin haidiroksiyuriya, wanda aka gwada a kan yaran Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, wanda kuma shekaru da yawa na bincike a ƙasashe daban-daban suka nuna yana rage tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Kuɗin gida in ba su da yawa, an san inda ya kamata su fara zuwa.

Ba ina cewa furobayotik banza ba ne. A jihar Odisha ta Indiya an bai wa jarirai sababbin haihuwa wata zaɓaɓɓiyar ƙwaya haɗe da abincinta na kwana bakwai, a gwajin da ya ƙunshi jarirai 4,556, aka buga a 2017 cewa gubar jini da mutuwa, in an haɗa su, sun ragu da kashi 40 cikin ɗari. Wannan babbar nasara ce, amma sai da masu binciken suka tace ɗaruruwan ire-iren ƙwayoyi kafin su tsayar da wannan. Akwai kuma hujja mai kyau cewa wasu ire-iren suna rage gudawar da ke biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ɗaya gefen, manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada a 2018, a kan yara kusan dubu biyu masu amai da gudawa, ba su ga wani amfani ba. A Holan kuwa, a 2008, an bai wa masu matsanancin kumburin wata gaɓa da ke bayan tumbi haɗin ƙwayoyi ta bututu: mutum 24 cikin 152 suka rasu, a rukunin da ba a ba su ba kuwa 9 cikin 144. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani bakwaini ya rasu da ƙwayar da aka ba shi ta shiga jininsa. Kowace ƙwaya da halinta, kamar yadda ba a cewa "dabba" tana ba da nono ba tare da an tambaya saniya ce ko kura ba. Bakwaini, da mai shan maganin sankara, da mai cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa, da yaro mai sikila wanda saifarsa ta daina aiki, kada a ba su ƙwaya mai rai sai da sanin likitansu.

Akwai kuma matsalar rana. Sharaɗin farko shi ne rai, ƙwayoyin nan kuwa da yawansu zafi da laima suna kashe su. Kwalbar da ta kwana a tashar jirgin ruwa, ta yini a bayan tirela, ta yi watanni a kanta ƙarƙashin rufin kwano, lambar da aka buga a jikinta ranar da aka cika ta ba lalle ta zama ita ce a ciki ba yau. Lambar NAFDAC wajibi ce ka duba ta, amma rajista daban, tabbacin cewa abu yana warkar da suga ko sikila daban.

Mu koma ga ƙwarya. A 2010 masu bincike daga Italiya sun kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yara 15 na birnin Florence. Yaran ƙauyen sun fi yawan ire-iren ƙwayoyin hanji, sun fi yawan butiret da danginsa. Abincin nan nasu shi ne namu kafin farar shinkafa da taliyar leda da lemon kwalba su mamaye faranti. Firibayotik yana cikin albasa da tafarnuwa da wake, yana cikin garin kuka da ƙaro, yana cikin dusar da muke surfewa mu bai wa awaki. Mafi daraja kuwa yana cikin nonon uwa, wanda ke ɗauke da wasu sukari da jariri ba ya narkarwa, an tanade su ne domin Bifidobacterium ɗin da Tissier ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya ci aƙalla giram 25 na zaren abinci da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. Kwaɗon zogale, da dambu, da ɗanwake, da miyar kuɓewa ko ta kuka, da gwaiba ko mangwaro a lokacinsu, suna kai mutum kusa.

Amma ba zan yi wa ƙwarya irin tallar da ake yi wa kwalba ba. Koko da daddawa suna shiga wuta, mafi yawan masu ran da ke cikinsu sun mutu kafin su iso bakinka, amfaninsu na abinci ne. A arewacin Gana an gwada ruwan tsamin koko a kan yara masu gudawa, bai gaggauta musu sauƙi ba. Kindirmo yana da ƙwayoyi masu rai, yana kuma yi wa masu kumburin ciki da ɗanyar madara sauƙi, sai dai babu mai iya ce maka wace iri ce a cikin ƙwaryar yau, ko nawa ne. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela, tsami kuma ba ya kashe su duka. Da rani, in nono ya yi ƙaranci, akan ƙara masa ruwa da garin kuka. Kukar ba laifi, tambayar ita ce ruwan daga ina. Ga yaro mai sikila, wanda Salmonella ke iya shiga masa ƙashi, wannan tambaya ba ƙarama ba ce.

Abin da na rubuta wa mai tambayar nan shi ne ta riƙe kuɗinta. Ta samu mai nonon da ta sani, wadda ke tafasa madara, ko ta tafasa da kanta ta haɗa kindirmo a gida a cikin mazubi mai murfi. Maigidan ya sha nasa ba sukari, fura kaɗan, ya ci gaba da maganin da aka rubuta masa da awon suga. Yaron ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa da yawa, kada a tsallake ranar asibiti, a kuma tambayi likitansa ko ya dace da haidiroksiyuriya da hoton jijiyoyin kai. In gudawa ta kama wani a cikin yaran, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana goma zuwa sha huɗu ne farko. In wata rana likita ya rubuta wa ɗayansu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya kuma ga ya dace a haɗa da furobayotik, ta nemi ya rubuta mata cikakken sunan ƙwayar da yawan kwanakin, ta saya a kantin da ke da firji mai aiki, ta duba ranar lalacewa kafin ta biya.